Ranar da Aka Tsayar da Zuciyarta

Daga gidanmu da ke Ƙofar Jatau zuwa makarantar firamaren da nake koyarwa ba wata tafiya ba ce, amma in ina tare da yarinyar sai mun tsaya sau huɗu ko biyar a hanya. Ba ta cewa ta gaji. Muna cikin tafiya sai ta zare hannunta daga nawa ta tsugunna a gindin katanga, ta haɗa gwiwoyinta da ƙirji, ta yi shiru tana mayar da numfashi. Leɓenta kan yi baƙi kamar ta sha ɗinya. In ta huta sai ta miƙe da kanta, ta ci gaba da labarin da take ba ni daga daidai inda ta tsaya.

Ita ce 'yar farina. A gidan da na taso uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, kuma haka na tarar a gidan mijina. "Ke" nake ce mata, in zan yi zancenta da wani kuma in ce "yarinyar nan". Abin bai taɓa damunta ba, tana da masu kiran sunan da yawa. Da yake ba ta iya guje-guje da sa'o'inta, sai ta zama 'yar zama cikin manya. Duk abin da aka faɗa a tsakar gida yana kanta, kuma ba ta san wanda ake ɓoye wa magana ba. Tana da shekara biyar ta taɓa gaya wa wata baƙuwa cewa miyar da ake zuba mata ta jiya ce aka ɗumama.

Kowa da sunan da ya ba ciwon. Wasu suka ce sanyi ne ya kama ƙirji, wasu suka ce asma, wasu suka rage murya suka ce a nemi tsari daga iska. An yi hayaƙi, an sha sassaƙe. Surukina, wanda duk gidan muke kira Baba Malam, malamin zaure ne, magidanta ke zuwa ɗaukar karatu wurinsa bayan asuba. Shi da kansa yake yi mata rubutu, kuma shi ne wata rana ya kira ɗansa ya ce, "Ku kai ta babban asibiti a duba cikin ƙirjin nan. Addu'a ba ta hana a duba."

A asibiti aka shafa mata wani mai mai sanyi a ƙirji aka ɗauki hoton zuciyar. Likitan ya juya bayan takarda ya zana mana. Ya ce akwai huji a bangon da ya raba ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, hanyar da ke kai jini huhu kuma ta tsuke, shi ya sa jinin da bai sha iska ba yake zagaya jikinta. Ya tambaye ni ko tana yawan tsugunno. Na ce aikinta ke nan. Ya ce ai magani ne ta gano wa kanta, tsugunnon yana tura jini zuwa huhu. Na tuna sau nawa na fizgo ta da hannu ɗaya ina cewa za ta sa in makara.

Ya ce babu maganin sha, sai tiyata, kuma irin wadda ake buɗe zuciyar kanta. Masu yin ta ba kullum suke nan ba, tawaga ce ke zuwa daga wani gari lokaci-lokaci, su yi mako guda su koma. Aka sa ta a layi. Muka jira kusan shekara biyu. A cikinsu ta daina zuwa makaranta, ta suma sau uku, na kuma haifi ƙanenta. Tana cikin shekara ta bakwai, da damina, aka kira maigidana a waya aka ce mu kawo ta.

Ana saura kwana biyu a yi aikin aka ce iyaye su zo a yi musu bayani. Baba Malam ya ce da shi za a je. Idonsa ya riga ya yi rauni, da sanda yake tafiya, kuma rabonsa da fita bayan ganuwa an daɗe. Likitan da zai yi aikin ya faɗi haɗarin da ke ciki bai ɓoye ba, har da mutuwa, har da taɓuwar ƙwaƙwalwa. Na ji su duka biyun, amma hankalina ya tsaya a kan na farko, na biyun ya wuce ni. Sannan ya ce mu je mu ga matar da za ta riƙe injin.

Gajeriyar mace ce, ta girme ni, da tabarau rataye da igiya a wuyanta. Hausarta ta bariki ce, amma ba ta gaggawar magana. Ta kai mu wani ɗaki ta yaye ƙyallen da aka rufe injin da shi. Tsawonsa ya kai teburin mai shayi, yana kan tayoyi, a samansa akwai wasu kawuna zagayayyu a jere, ga robobi garai-garai masu kama da tiyo a naɗe cikin leda.

Ta ce, "Likita ba zai iya ɗinke zuciya tana motsi ba, kuma cike da jini. Don haka za mu karkatar da jinin ya biyo ta nan. Wannan tulun shi ne huhu, zai ba jinin iska. Wannan mai juyawa shi ne zuciya, zai mayar da shi jiki. Za mu sanyaya jikinta, mu ba zuciyar wani ruwa ta tsaya. In an gama ɗinki mu ɗumama ta, zuciyar ta tashi, in riƙa sakar mata aikin kaɗan-kaɗan har ta karɓe."

Maigidana a wajen aikin ruwa yake, ya san injin tura ruwa da halinsa. Ya ce, "In wuta ta ɗauke fa?"

Ta ce akwai janareta, akwai batir. Sannan ta jawo wani ƙarfe mai mariƙi irin na injin murza taliya ta nuna masa inda ake soka shi. "In duk sun ƙi, da hannuna zan juya."

Baba Malam ya matso kusa. Ya miƙa hannu ya shafa gefen injin, ya janye. Ya ce, "Baiwar Allah, ina da tambaya. Kin ce zuciyar za ta tsaya."

"Za ta tsaya, Baba."

"Numfashi ma."

"Shi ma."

"Mu a wurinmu, in aka rasa waɗannan biyun sai a ja mayafi a rufe fuska. To a wannan lokacin, yarinyar tana raye ne ko kuwa?"

Matar ta cire tabaraunta ta bar shi ya faɗa a ƙirjinta. Ta ce, "Baba, zancen rai ku kuka san shi, ni ban karanta ba. Abin da na sani, jininta ba zai daina zagayawa ba, kuma idona ba zai bar kansa ba har a gama. Na daɗe ina zama a bayan injin nan. Yawancin yaran sun tashi sun nemi ruwa. Wasu ba su tashi ba."

Baba Malam ya juya wajen ɗansa ya ce, "In dai suna tashi su nemi ruwa, to ba mutuwa suka yi ba. Sa hannu."

Ba a nemi komai a hannunmu ba sai jini. Matar ta ce ba a haɗa mutum da robobin nan a wofi, sai an fara cika su. In babba ne ruwa ya isa, amma yaro jininsa kaɗan ne, ruwan zai tsinka shi, don haka sai an haɗa da jinin wasu, sabo, wanda ya dace da nata. Washegari bayan karatun asuba Baba Malam ya faɗa a zaure sau ɗaya, bai roƙi kowa ba. Kafin hantsi mutum goma sha wani abu sun tsaya a layin ɗiban jini. Akwai tela, akwai direban tifa, akwai mai sayar da goro a bakin kasuwa, da wani tsohon ma'aikacin kotu da aka mayar saboda shekaru, ya tafi yana faɗa. Ni ma na miƙa hannu, aka ce ba a ɗiban na mai shayarwa.

Ran aikin tun da safe aka hana ta ci da sha. Ta ga wata a gadon kusa tana shan koko, ta dube ni ta ce, "Ni ce mara lafiya, amma wasu ke shan kokon." Nas ta yi dariya. Aka sa mata wata riga mai igiya a baya wadda ta yi mata yawa. Da aka zo da gadon turawa ta ƙi hawa, ta ce ƙafarta lafiya lau. Ta yi taku kamar ashirin a baranda, ta tsugunna. Nas ta ce, "Mamanta, ɗauke ta mana." Baba Malam na zaune a benci yana fuskantarmu. Na ɗan tsaya. Ya juya fuskarsa wajen taga, na sunkuya na ɗauke ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta sa bakinta a kunnena ta ce, "Yau kin ɗauke ni a gaban Baba Malam." A bakin wani jan layi da aka ja a ƙasa aka karɓe ta.

An ce mana awa huɗu, in ya yi yawa biyar. Muka zauna a benci. Hadari ya haɗo, aka yi ruwa, ya ɗauke. Azahar ta yi, mazan suka je masallaci suka dawo. Jaririn na bar shi gida wurin kakarsa, nonona ya cika ya fara zuba, na ninka gefen mayafi na tura cikin riga. Ban san dalili ba, abin da na yi ta tunani a kai shi ne sanyi. An ce za a sanyaya ta, ita kuwa ko da bazara sai ta ja zane ta rufa.

Wajen ƙarfe biyu da rabi wata nas ta fito ta kira maigidana gefe, na bi su. Ta ce an gama ɗinki, zuciyar ta tashi, amma da aka fara sakar mata aiki sai ta kasa, aka mayar da ita kan inji ta huta. Ta ce hakan yana faruwa. Bayan la'asar ta sake fitowa ta faɗi maganar nan dai, wannan karon ba ta ce yana faruwa ba. Maigidana ya yi ta kai da kawo daga wannan ƙarshen baranda zuwa wancan. Baba Malam bai motsa ba, carbinsa na hannu amma ba ya ja.

Rana ta yi ja kafin likitan ya fito. Ya ce a karo na uku zuciyar ta karɓa, tana bugawa da kanta da taimakon magunguna. Ya ce ta daɗe a kan inji fiye da yadda suka so, sai a sa ido. Muka yi ta godiya. Can a bayansa na hango matar injin ta fito, shatin takunkumi ya kwanta a fuskarta, ta jingina da bango tana shan ruwan leda. Ta gan ni, ta ɗaga mini kai, ba ta ƙaraso ba.

Da aka bar ni na shiga ɗakin da ake kula da masu tsananin ciwo, na tarar robobi sun fi ta yawa. Ɗaya a baki, biyu a ƙarƙashin ƙirji suna fitar da ruwa jini-jini, wasu a wuya da hannu. Amma ba su na kalla ba. Leɓenta ja ne. Faratanta ja, tafin ƙafarta ja kamar na jariri. Shekara bakwai ina kallon yarinyar nan ban san haka launinta yake ba. Na fito na gaya wa maigidana, ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Washegari a gida aka dafa shinkafa aka raba wa maƙwabta sadaka.

A ranar aka rage maganin barci, aka ce za ta fara motsi. Ba ta yi ba. Aka ce wasu yaran sukan jinkirta. A rana ta uku hannunta na dama ya riƙa karkarwa shi kaɗai, gefen bakinta yana ja, nas-nas suka taru suka fitar da ni. Da na dawo babbarsu ta ce, "Ki riƙa yi mata magana. Kira sunanta, muryar uwa suke fara ji."

Na sunkuya na ce, "Ke. Ke, tashi mana."

"Sunanta, Mamanta."

Maigidana na tsaye a bayana. Ya ce a hankali, "Kira ta. Ba kowa a nan." Na kira. Sunan ya fito mini wani iri, kamar na baƙuwa. Na sake kira, na yi ta kira har muryata ta dishe. Injin numfashi na ta aikinsa. Ba ta motsa ba.

Ta buɗe ido a rana ta shida, tawagar da ta yi aikin ta riga ta koma. Idon ya bi ta kaina ya wuce, ya tsaya a silin. Aka ɗauki hoton kai. Likitan yara ya zaunar da mu ya ce wani sashe na ƙwaƙwalwa ya sami rauni. Ya ce mai yiwuwa wani ɗan gudan jini ne ya tafi ya toshe jijiya, don jinin irin waɗannan yara kauri gare shi. Mai yiwuwa kuma lokutan nan ne da zuciyar ta kasa, ƙarfin jini ya yi ƙasa. Ba zai iya cewa ga shi ba. Maigidana ya ce, "Za ta yi magana?" Likitan ya ce yara sukan ba da mamaki, amma ba zai yi mana alkawari ba. Sai a lokacin na tuna an faɗa mana wannan tun farko, ina zaune, har na gyaɗa kai.

Yara biyar aka yi wa aiki a makon. Ɗaya ta rasu a rana ta biyu, na ji kukan uwar ta bayan labule. Uku sun tashi. A cikinsu akwai wata yarinya daga wani ƙauye, ciwonsu ɗaya da tawa, ni da uwarta tabarma ɗaya muke shimfiɗawa a baranda. Ran da aka sallame su yarinyar ta kwasa da sauri daga ƙofar ɗaki har bakin matakala, uwar na bin ta tana cewa ta yi a hankali. Matar ta dawo ta riƙe hannuna ta yi mini addu'a mai tsawo. Na amsa da amin, amma abin da ke cikina a lokacin ba mai kyau ba ne, kuma na daɗe ina neman gafara a kansa.

Bayan mako bakwai muka dawo da ita gida. Mota ba ta shiga lungunmu, maigidana ya saɓa ta a kafaɗa tun daga bakin titi. Tana iya haɗiye kunu in an ba ta a hankali da cokali. Ɓangarenta na dama ba ya motsi. Ba ta zama sai an tokare ta da matasai. Sauti take yi, iri ɗaya in tana jin yunwa, wani iri in ta ɓata jikinta, kuma cikin wata biyu na iya rarrabe su. Na bar koyarwa.

Mutanen da suka ba da jini suka riƙa zuwa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Telan ya ɗinko mata riga. Da aka fito da ita zaure ya gan ta, ya ajiye ledar a gefe ya kasa miƙawa, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi. Mata sun fi sakin baki. Ba a gabana suke yi ba, amma gidajen cikin birni a manne suke, komai ana ji. An ce da an bar ta yadda Allah ya yi ta. An ce an tsayar da zuciya rai ya fita, abin da ya dawo ba duka ba ne. Wannan ta ƙarshen ta kai kunnen Baba Malam. Daga washegari ya sa a riƙa fito da ita zaure kowace safiya, a shimfiɗa mata buzu a gefensa, yana ba da karatu hannunsa ɗaya a kanta. Haka aka yi wata takwas, har ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Ana saura kwana kaɗan ya rasu na kai masa kunu, ya ce in zauna, abin da bai taɓa ce mini ba. Ya ce, "Ni na ce a sa hannu. In an yi tambaya a kan wannan, ni za a tambaya, ba ke ba, ba mijinki ba. Ki gaya masa. Ni in na ɗauko zancen sai ya tashi." Na gaya masa. Maigidana ya saurara, ya ce to, ya ɗauki buta ya fita. Har yau bai taɓa tayar da zancen ranar aikin ba. Amma shi ke juya yarinyar a shimfiɗa kafin ya fita aiki, kuma ya daina zaman majalisa.

Shekara ɗaya da wani abu bayan aikin, wata Asabar da hantsi, aka yi sallama a tsakar gida da wata murya da na sani. Matar injin ce. Tawagarsu ta sake zuwa, ta nemi kwatancen gidanmu a fayil, ta hau babur har Ƙofar Jatau, ta yi ta tambaya lungu-lungu. Zan faɗi gaskiya, duk tsawon lokacin nan ita nake ɗora wa abin a raina. Likitan ban ma riƙe fuskarsa ba. Ita ce ta ce idonta ba zai bar kan jinin ba. Na sha shirya maganganun da zan gaya mata. Da na gan ta tsaye da takalmi a hannu, sai na shimfiɗa mata tabarma na dama fura.

Ta zauna kusa da yarinyar, ta kama hannunta na hagu, ta juya shi ta dubi faratan. Sannan ta ce, "A lokacin aiki ina rubuta komai a takarda, bayan kowane 'yan mintoci. Ƙarfin jini, zafin jiki, yawan iska. Na koma kan takardar 'yarki ban san ko sau nawa ba. Na kai wa wanda ya koya mini aikin ya duba. Ba mu ga inda aka kauce ba."

Na ce, "To me ya kawo ki?"

Ban yi nufin maganar ta fito da kaushi haka ba, amma ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Na so ki san an duba. Da na ga kuskure da na zo na faɗa miki, kuma da ya fi mini sauƙi, don da na san abin da zan gyara. Jibi zan sake zama a bayan injin nan da ɗan wani."

Na ce, "In da 'yarki ce, za ki yarda a ɗora ta?"

"Zan yarda. Yadda na ga zuciyar nan, da wuya ta ga girma in ba a taɓa ta ba."

"Yanzu fa?"

Ta dubi yarinyar. "Yanzu zuciyarta za ta iya kai ta tsufa."

Kowaccenmu ta san abin da maganar ke nufi. Ta sha furar kaɗan. Da za ta tafi ta rubuta mini lambar wayarta a takarda. Ban taɓa kira ba, ban kuma yar da takardar ba. Na raka ta har bakin titi, abin da ban cika yi wa baƙi ba.

Yanzu yarinyar tana da shekara goma sha huɗu. Ta yi tsawo, ta yi nauyi, ni kaɗai ba na iya ɗaga ta daga katifa zuwa kujera, bayana ya riga ya taɓu. Tana da kalmomi kamar shida, akwai ruwa a ciki, akwai a'a. Tana dariya in an yi wa ƙanenta faɗa. Bara ta fara ganin al'ada, na yi wanki, na yi kukana a bayan ɗaki, na dawo na ci gaba. Kowace shekara muna kai ta a duba zuciyar, kowace shekara likita ya ce aikin ya yi kyau. Ni da maigidana ba ma zancen wanda zai riƙe ta bayanmu. Amma da ya tashi gyaran gida na ga ya sa an yi ɗaki ɗaya mai faɗin ƙofa, ba dokin ƙofa, a ɓangaren da zai zama na ƙanenta in ya girma.

Watannin baya wata mata ta zo daga Tukur-Tukur, wata 'yar uwa ce ta kwatanta mata ni. Ɗanta na da irin ciwon, an kira su, an ba su 'yan kwanaki su yi shawara. Ta shigo da fara'arta. Ga alama an ce mata an yi wa tawa aikin ta rayu, ba a ƙarasa mata ba. Ta tarar da yarinyar a kujera ina goge mata baki, sai gaisuwar ta tsaya mata a tsakiya.

Na ba ta wurin zama, na ba ta labarin tun daga farko, ban rage mai daɗi ba, ban rage mara daɗi ba. Ta saurara hannunta a haɓa. Da na gama ta ce, "Yaya, ke dai gaya mini. In kai shi ko in bari?"

Na ce ba zan iya ba. Ta sake tambaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi. Na ce ta je su zauna da mijinta, duk abin da za su yanke su yanke shi tare, don su biyun ne za su zauna da shi. Ta tafi ba ta ji daɗina ba. Daga baya na ji sun kai shi. Wadda ta ba ni labarin ba ta san yadda aka ƙare ba, ni kuma ban aika an tambayo ba.